Baƙin Layin Masunta

Novi Sad, 4 ga Oktoba, 1970

Laza,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma tarin nan da ka ce yana hana ka barci ya sake ka. Mu dai lafiya lau, sai gwiwar Baba da ba ta rabo da ciwo. Rigar sanyin da ka aiko masa ta iso. Ta yi masa yawa a kafaɗa, amma ya saka ta yana ta zagaya ɗaki, don haka kada ka ce na faɗa maka.

To maigida, an gama. Ranar Talata suka rushe gidan. Na yi juyin duniya Baba ya zauna, ya ce gidan ubansa ne, ba za a binne shi ba ya nan. Muka tsaya a kan jingar kogi muna kallo. Injin bai ma sha wahala ba, turi biyu bangon da kakanka ya gina ya kwanta. Da suka zo kan rumfar da yake shanya taru, sai Baba ya ɗaga murya ya ce wa direban, "Kai, a hankali mana, ba gudu za ta yi ba." Mutumin ya ji kunya har ya cire hula. Yanzu Layin Masunta gaba ɗayansa fili ne, tun daga gidan Kum Sava, ubanka na baftisma, har famfon bakin hanya. Sun ce za su ɗaga jingar, su dasa itatuwa, su jera bencina, mutanen gari su riƙa zuwa shan iska.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni sabon gidan nan na unguwar Liman ya yi mini. Ga ruwan zafi, ga bango a bushe. Duk wadda ta kwana a ajin makaranta kan jiƙaƙƙiyar katifa a shekarar ambaliya ba za ta zauna kukan ginin laka ba. Amma ubanka sai addu'a. Lif ya ce ba zai shiga ba, wai akwatin gawa ne aka tsayar. Da wannan gwiwar yake hawa har bene na shida, yana hutawa yana zagin wanda ya zana ginin. Ya leƙa ta taga ya ce, "Nan fa fadama ce. Nan nake harbin agwagwar ruwa ina saurayi. Yashi suka zuba suka dasa mutane a kai kamar albasa."

Maƙwabta kuwa an watsa mu. Kum Sava an ba shi gida a unguwar Detelinara. Pishta-bachi da Erzika sun koma wajen 'yarsu a Telep. Yanko mai burodi yana can Satelit. Tsohuwa Kata ma ban san inda aka kai ta ba, wasu sun ce wajen ƙanwarta a tsallaken kogi.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne slava. Ranar Waliyyi Nikola na nan tafe, kuma wannan ne karo na farko da za a yi bikin waliyyin gidanku ba a ƙarƙashin wancan rufin ba. Hotonsa na rataye a bangon gabas, kyandir ma na saya tun yanzu. Jiya na tambayi Baba yadda za mu yi da baƙi, tunda kowa ya kama gabansa. Ya ce bana babu wanda zai kira, ya juya ya fuskanci taga. Ka san shi in ya ba mutum ƙeya.

Ka riƙa rufe wuyanka, kuma ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya ne a rana.

Matarka,
Persa

Shtutgart, 15 ga Oktoba

Persa,

Takardarki ta same ni lafiya, na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Tari ya yi sauƙi. Wani ɗan Bosniya da muke ɗaki ɗaya ya dafa mini albasa da zuma, ba daɗi amma ta yi aiki. Ki gaida Baba, in zai amsa.

Na ce in zai amsa don layin nan naki na karanta shi har ya kusa gogewa. Bana babu wanda zai kira. Persa, ni ba yaro ba ne, na gane. Da ni yake. Ni ne na zo hutu na ce masa ya daina jayayya da ofishin gari ya karɓi mukulli, ni na miƙa masa biro. Shi ne zai kashe slava don in ji a jikina. Slavar da ba a fasa ba ko a shekarun yaƙi, lokacin da marigayiya Inna ta yi burodin da garin masara, aka rufe tagogi da barguna, mutane suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya ta baya. Sojojin mamaya ba su hana shi ba, sai ɗansa.

To me ya kamata in yi? In bar ku a gidan da kogi ke shiga duk lokacin da ya ga dama? Ni ma a gidan nan aka haife ni. In na kasa barci a nan, layin nake bi a raina gida-gida: famfo, ƙofar Yanko da ƙamshin burodi, kwale-kwalen Kum a kife, sannan agogon kan dutse can a tsallake. Garin nan ma yana da kogi, amma sun ɗaure shi da siminti ta ko'ina, ko warin kogi ba ya yi.

Na nemi hutu wajen shugaban sashenmu. Ya ce masana'anta sai daf da Kirsimetinsu take rufewa, wato bayan slava. Na ce masa bikin waliyyin gidanmu ne, ya ce to in kawo takardar likita. Don haka bana ma ba ni.

Na san tsohon baƙo ba a sake kiransa, a gidan na tashi. Amma gaya wa mutum inda ƙofa ta koma ai ba kira ba ne, kuma Baba ya san haka. Shi ya sa na ce fushi ne. Ki lallashe shi. In ya ƙi, ki rubuto mini da wuri, zan san abin yi.

Mijinki,
Laza

Novi Sad, 27 ga Oktoba

Laza,

Gaisuwa mai yawa. Mun ji daɗin jin tari ya tafi, Allah ya saka wa ɗan Bosniya. Mu ma lafiya, sai sanyi da ya fara shigowa ta kogi.

Kai dai ba ka sake hali ba, ko a Budapest aka yi tsawa sai ka ce da kai ake. Wa ya ce maka an fasa slava? Ubanka tun makon jiya ya je ya yi maganar tarwaɗa, ya sa na goge babbar tukunyar romon kifi, ya tsince alkama da hannunsa. Shirin cikar ɗaki yake yi kamar kowace shekara. Ba fushi yake da kai ba. Da safen nan ma ya ambace ka, yana tambaya ko Jamusawa sun iya cin kifi mai ƙaya.

Na sake tayar masa da maganar. Na ce a ƙauyenmu na Srem kowace shekara ake bi gida-gida da tuffa a hannu ana gayyata, kuma babu wanda ya mutu. Ya ce, "Wannan ku ne, 'yata, mutanen tudu. A gidan nan sau ɗaya ake kiran mutum. Ubana ya kira uban Sava, shi ke nan, har jikokinsa sun kirayu. In na je yau na ce Sava ka zo, me na ce masa? Na ce masa dā na cire shi ke nan." Na ce to adireshi fa? Ya ce, "Adireshi a bakin mai slava gayyata ce ta sake riga."

Tsoro yake ji, Laza, ba wani abu ba. Yana tsoron ranar ta zo ya kunna kyandir, ya tsaya a bakin ƙofa, babu wanda ya ƙwanƙwasa. Kuma ya gwammace hakan da ya buɗe baki. Wani lokaci in ji kamar in girgiza shi, wani lokaci ya ba ni tausayi.

Kullum da safe yake sauka ya bi gari, ni kuma in rufe keken ɗinki in bi shi saboda gwiwar. Tafiya da ubanka sai haƙuri, don garin da yake gani daban da wanda nake takawa. A lambun Dunav ya nuna mini inda mata ke tura kekunan jarirai ya ce dā tafki ne, sauro da kwaɗi, ubansa da kwale-kwale yake ratsawa har bakin kasuwar kifi. A sabon babban titi ya tsaya ya cire hula a gaban babu komai, motoci na wucewa, wai cocin Armeniyawa yake gaisarwa, wanda aka rushe shekarun baya. Na ce, "Baba, ana kallonmu." Ya ce, "Su kalla, ba su biya ba." Shtrand, bakin kogin nan da ake wanka, shi kaɗai ne ba ya zuwa. Ya ce tun sanyin nan na yaƙi da aka jera mutane a bakin ƙanƙara aka harbe su bai sake taka yashin wurin ba, kuma a cikinsu har da Vais tela, wanda shi ma baƙon slavarku ne. Ban taɓa jin ya faɗi sunan ba sai ranar.

Ranar Asabar muka yi kiciɓis da Kum Sava a kasuwar kifi. Na ce a raina yau za a warware. Suka rungumi juna.

Kum ya ce, "Tima, har yanzu kana nan?"

Baba ya ce, "Jira nake ka riga ni, in ci alkamar sadakarka."

Suka tsaya suka zagi kifin kiwo, suka zagi masu sayar da shi, suka yi maganar yadda ruwa ya ja baya bana. Can Kum ya ce, "Na ji an ce gidan sama ne." Baba ya ce, "Sama sosai." Kum ya ce, "To madalla." Iyakar abin ke nan fa. Na buɗe baki zan ce Liman, ubanka ya ɗora mini sandarsa a kan yatsan ƙafa, har yanzu wurin baƙi ne.

Don Allah kada ka yi komai daga can. Ka bar ni da tsofaffin nan. Zan nemi Erzika, mu mata mun san yadda ake kai magana inda za ta ba tare da an faɗe ta ba.

Taka,
Persa

Shtutgart, 2 ga Nuwamba

Persa,

Ina gaisuwa, ina fata ku duka lafiya. Ni lafiya, sai aiki.

Shiru har yau, kullum ina duba akwatin wasiƙu babu komai. Na san ma'anar shirun: ya ƙi, ke kuma kina jin nauyin faɗa mini. To ki kwantar da hankalinki, na ɗauke muku nauyin. Na sayi katuna masu kyau, masu hoton hasumiyar garin nan, na rubuta wa kowa. Na Kum Sava na aika ta hannun ɗansa da ke aiki a tashar jirgin ƙasa, na Pishta-bachi ta gidan 'yarsa, na Yanko ta gidan burodin da yake aiki. Na sa adireshi da bene da lambar ƙofa, na ce ana gayyatarsu daga ƙarfe ɗaya na rana, kuma su sanar in za su samu zuwa don ki san yawan kifin da za ki dafa. Haka ake yi a nan, babu mai ɓata rai. Na sa sunan Baba a ƙasa, sannan nawa.

Kada ki gaya masa. Ki bari kawai ya ga ɗaki ya cika, in ya so ya ci gaba da fushi da ni a cikin jama'a.

Mijinki,
Laza

Novi Sad, 16 ga Nuwamba

Laza,

Ina gaisuwa, tunda ba a fara takarda sai da ita. A jiki muna lafiya.

Takardata da taka sun yi saɓani a hanya, na san yanzu ka ga tawa. Da sunan Baba, Laza? Daga ƙarfe ɗaya? Su sanar in za su samu zuwa? Mutumin da ya riƙe ka tsirara ranar baftisma, ya tsaya mana ranar aure, shi ne zai sanar da kai?

Kum Sava bai zo gida ba, don in ya zo ya nuna ya san ƙofa. A lambun Dunav ya tare Baba, gaban tsofaffin da ke zama kan benci, katin a hannunsa.

Ya ce, "Tima, ga sammacinka ya iso. In na makara za a ci ni tara ne, ko a ƙofa za a mai da ni?"

Baba ya karɓa ya riƙe shi nesa da ido ya karanta har ƙarshe. Ya ce, "Ba hannuna ba ne."

"Sunanka ne."

"Sunana ne."

Sunanka na nan ƙarƙashin nasa, duk wurin an gani, amma bai ce aikin ɗana ne ba. Kum ya ce, "Tun ina da gashi a ka nake cin romonka marar gishiri, ban taɓa jiran a kira ni ba. Ubana ma haka. Tunda an fara kira, to ni ban ji ba." Ya juya ya tafi, yana tafiya yana share hanci.

Erzika na same ta a kasuwa. Ta ce Pishta-bachi ya fi kowa jin abin. Ya ce shi ba ɗan cocinmu ba ne, maƙwabtaka ce ta zaunar da shi a teburin nan duk rayuwarsa, sai yanzu da tsufa aka tuna masa cewa shi baƙo ne. Yanko ya ce hoton ya yi kyau, ya jingine shi a kan rediyo, amma in Sava bai zo ba shi ma ba zai zo ba. Ni da Erzika har mun shirya yadda za ta ce ta bar almakashinta a wurina, mijinta ya rako ta, sauran su biyo. Yanzu duk ya rushe, kowa ya hau dokin naƙi.

Tun ranar Baba bai sauka ba. Yana zaune bakin taga yana kallon kogi. Ya daina zagin mai zanen gini, ya daina zagin lif, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Maganar tarwaɗa dai bai soke ba.

Na san da zuciya ɗaya ka yi. Amma ni ce ke zaune da shi, kuma raina a ɓace yake. Ka bar ni in huce.

Persa

Shtutgart, 6 ga Disamba

Persa,

Gaisuwa, da fatan Allah ya sa kuna lafiya. Ina faɗin haka ne da gaske, don na rubuto bayan takardarki ban ji amsa ba, kuma a nan in shiru ya yi yawa ba abin da rai ba ya kawowa. Baba ya kwanta ne? In ya kwanta kada ki ɓoye mini, zan hau jirgi ko da za su kore ni.

Na rubuta wa Kum takardar ban haƙuri, na yaga ta, kada ta zama sammaci na biyu. Kwana nawa na yi a ƙasar nan da har na manta yadda ake shiga gidanmu? Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kika ce bai ambaci sunana ba. Da ya zage ni a gabansu da na fi samun sauƙi.

Ranar slava zan kunna kyandir a ɗaki in soya kifi. Ɗan Bosniya zan kira, sau ɗaya. Ki zage ni in kina so, amma ki rubuto.

Mijinki,
Laza

Novi Sad, 20 ga Disamba

Laza,

Gaisuwa mai yawa, da barka da slava, ko da yake ta wuce da kwana. Baba bai kwanta ba, kowa lafiya. Shirun nan da fari fushi ne, daga baya aiki, ka yafe ni. Yanzu zauna ka ji.

Jiya da safe muka kai burodi da dafaffiyar alkama cocin Nikola aka yi addu'a aka yanka. Muka dawo na shimfiɗa tebur, romo na tafasa, Baba ya kunna kyandir ya je ya tsaya bakin ƙofa. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Duk lokacin da lif ya yi ƙara sai in ga ya miƙe wuya, lif ya wuce sama. Babu ko mutum ɗaya. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji kukana, kuma a lokacin ba irin zagin da ban yi maka a raina ba.

Can ya leƙo ya ce, "'Yata, ɗauko burodin da alkamar." Na ce ina za mu? Ya ce, "Tunda babu wanda ya zo, zan je in gaida wurin. Marigayi ubana bai san hanyar gidan nan ba." Na roƙi maƙwabciya ta sa ido a kan kyandir, muka sauka, muka bi jinga a hankali, dusar ƙanƙara na zuba kaɗan-kaɗan.

Tun daga nesa na hango hayaƙi. Filin nan yanzu an jera masa 'yan itatuwa an ɗaure su da sanduna, bencina na tare a gefe ba a kafa ba. A tsakiya ga mutane sun kewaye wuta. Kum Sava da baƙar kwat da kwalbar barasar rakiya a hammata. Pishta-bachi da Erzika da faranti a rufe. Yanko da iyalinsa. Har tsohuwa Kata, ta tsallako gada a ƙafa. Ɗan baffanka Mile, da yake ɗan jam'iyyar kwaminis ne, wadda ba ta son bikin addini, ya tsaya can gefe yana duba wata 'yar bishiya kamar aiki ne ya kawo shi. Tun tsakar rana suke wurin. Baba ya tsaya cak.

Kum ya ce, "Ka makara, mai gida. Mu dai inda aka kira mu tun farko muka zo."

Ka san ubanka, ba zai yi kuka a gaban Sava ba. Ya dube su ya ce, "To wa ya ce ku tsaya nan? Nan ai makewayin Yanko ne."

Shi ke nan aka kaure da gardama. Kum ya rufe ido ɗaya ya auna hasumiyar agogo da ginshiƙin tsohuwar gada da ke cikin ruwa, yadda suke gano gurbin kifi, ya ce ƙofa a nan take. Baba ya auna ya ce ƙarya ne, da wannan idon shi ya sa duk rayuwarsa ba ya kama komai sai tsohon takalmi. Pishta-bachi ya shiga, Kata ta ce duk ƙarya suke, ita ta san inda take zubar da toka. Da ƙyar aka yarda da wani wuri kusa da wata 'yar bishiya. Baba ya tsaya a nan, na tsaya kusa da shi da tire, suka zo ɗaya bayan ɗaya kamar akwai bango da ƙofa. Kowa ya ce barka da slava mai gida, ya ɗebi cokalin alkama, ya sumbace shi. Pishta-bachi har kakkaɓe takalminsa ya yi kafin ya shiga.

Da sanyi ya fara cin ƙashi, Baba ya ce, "To, ni gida zan tafi, romo na kan wuta. Ban ce wa kowa komai ba." Ya juya ya kama hanya. Ban waiwaya ba, amma ina jin takunsu a bayanmu har Liman. Da muka iso gine-ginen nan masu kama ɗaya, Kum ya riga Baba shan kwana zuwa ƙofarmu. Erzika ta raɗa mini cewa tun watan Oktoba ya zo ya ga ginin daga tsallaken titi.

Ɗaki ya cika, Laza, har a bakin baho aka zauna. An sha romo, Kum ya ce ba gishiri, ya ƙara kwano. Amma akwai abin da zan faɗa maka. Ka san mai slava ba ya zama muddin kyandir na ci, kuma ka san ubanka bai taɓa zama ba. Wajen yamma na fito daga kicin da kifi, sai na gan shi zaune a kan 'yar kujerar bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar, fuskarsa fara fat. Kyandir na ci. Duk ɗakin an ɗaga murya ana hira, kowa ya mai da idonsa wani wuri. Kum ya tashi ya karɓi kwalbar daga hannunsa ya ci gaba da zuba wa mutane, yana ba da labarin wata tarwaɗa. Na ji daɗin ranar nan, amma wannan ya karya mini zuciya, kuma har yanzu ina ganinsa.

Da safen nan ya ga ina rubutu ya ce in bar masa wuri a ƙasa. Ga shi nan, hannunsa ne.

Matarka,
Persa

Laza. Katinka mummuna ne, amma ya wuce. Jiya na zauna a gaban baƙina, kuma sun gani. Ƙafata ta gama nata. Ka gaya wa Bajamushen naka tun yanzu, baɗi kai ne mai tsayuwa.

Ubanka,
Tima